Yadda Za Ka Zagaya Birnin Rum da Matashi Ku Dawo Kuna Gaisawa

Ka sha layin biza, ka biya kuɗin jirgi, ka kawo ɗanka birnin da ya taɓa juya duniya, shi kuwa tambayarsa ta farko ita ce lambar sirrin intanet ɗin otal. Kada ranka ya ɓaci, akwai dabara.

Da farko, ɓoye iliminka. A gaban Kolosiyam bakinka zai yi ƙaiƙayi ka ce Sarki Titus ne ya buɗe shi a shekara ta 80 Miladiyya. Haɗiye. Ce masa kawai mutum kusan 50,000 ke cika wurin don kallon ƙarti suna sarar juna, kuma daga ƙarƙashin filin ake ɗago zakuna da igiya. Nan take zai ɗago kai daga waya. Shekarar kuwa, shi da kansa zai nemo ta don ya gyara maka.

Na biyu, bar matakala ta yi maka tarbiyya. Ranar da ya ce tsufa ya kama ka, kai shi ƙubbar cocin San Fiyetro da ke Batikan, mai matakala 551. Ka biya kuɗin na'urar hawa kai kaɗai, 320 su rage maka, ka ce ku haɗu a sama. In gwiwa ta gaza da yamma, kada ku zauna a kan Matakalar Sifaniya. Tun 2019 'yan sanda ke busa wa masu zama usur, kuma tarar tana iya kaiwa yuro 400.

Na uku, kada ka tsallake ɗakin ibada na Sistin, inda Mikelanjelo ya zana rufi daga 1508 zuwa 1512. An hana ɗaukar hoto, an hana surutu, kuma mai gajeren wando ba ya shiga. Duk faɗan da ka shekara kana yi a gida, ga masu gadi suna yi maka shi kyauta, yaro kuma yana bi. Kalli rufin kaɗan, sannan ka kalli wannan abin al'ajabi na biyu.

Na huɗu, a maɓuɓɓugar Tirebi, wadda aka kammala a 1762, al'ada ita ce a juya baya a jefa tsaba. Abin da ake kwashewa ya haura yuro miliyan ɗaya a shekara, kuma ƙungiyar agaji ta Caritas ake bai wa. Miƙa masa tsaba ɗaya, ka taya shi murna: yau kuɗin da ya watsar zai amfani wani.

Na biyar, yi hattara da Bakin Gaskiya, wata fuskar dutse da ke ƙofar cocin Santa Mariya a Kosmedin, wadda aka ce tana gatsa hannun maƙaryaci. Za ka so ya sa hannu ka tambaye shi wanda ya ɗauki mota ran Asabar. Ka tuna layi zai zo kanka, kuma tambayarsa a shirye take: "Baba, da gaske kai ne na ɗaya a ajinku kullum?"

Na shida, ciki. Taliyar karbonara da naman alade ake yin ta, don haka wanda ba ya ci sai ya nemi mai cuku da masoro. Kada ka sayi ruwan gora, birnin cike yake da famfunan titi masu zubo ruwan sha mai sanyi dare da rana. Kuɗin da ka adana ka zuba su a jelato, askirim ɗin Italiya, wanda shi ne kaɗai cin hancin da ke sa matashi ya shiga coci na huɗu a yini ɗaya.

Na bakwai, ka yarda da shan kaye. A dandalin Torre Ajantina, inda aka soke Yuliyus Kaisar shekara 44 kafin Miladiyya, yanzu kyanwoyi ne ke mulki. Kai kana jimamin Kaisar, shi yana ɗaukar mage hoto. Ƙyale shi, ai duk a kango ɗaya kuke.

Idan kun koma gida mahaifiyarsa ta ce, "Yaya tafiyar?" ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ba laifi," to ka karɓi barka. A wurin ɗan shekara 15, babu lambar yabo da ta wuce wannan.