Ire-iren Bayin Allah a Gaban Kyamara

Ba a rasa, a cikin ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004, ko na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke kan hanyar Ashaka, wanda idan jarrabawa ta gabato, takardu suka yi masa katutu, barci ya ƙaurace, har ya zamana yana karanta shafi ɗaya sau uku ba tare da wani harafi ya zauna masa ba, sai ya rufe littafi, ya rataya kyamara ko ya ɗauki wayarsa, ya gangara tsofaffin unguwanni irin su Dawaki, da niyyar ya ɗauki hoton zauruka da lunguna da hasken la'asar a jikin katangu, ko Allah ya sa ƙirjinsa ya yi sauƙi. Niyya ce mai kyau, kuma garin Gombe bai rasa abin ɗauka ba, tun da yake a nan masarautar Bubayero ta sauke kayanta a 1919 bayan barin Nafada, a nan kuma aka kafa fadar gwamnati da aka ƙirƙiri jiha a 1996. Illa dai bawan Allah bai sani ba cewa ya gudo daga mai jarrabawa guda ne domin ya faɗa hannun masu jarrabawa arba'in.

Na farkon da zai tare shi shi ne mai bin diddigi, wanda a wurinsa babu mahaluƙin da zai ɗauki hoton bango saboda Allah da Annabi. Zai tambaye shi ɗan gidan wa ne shi, wa ya aiko shi, rusau za a yi ko kuwa tallafi za a raba. Idan ya gamsu ba rusau ba ne, nan take zai rikiɗe ya koma wakilin unguwa, ya kama hannun yaron ya kai shi bakin kwatar da ta toshe, da ramin da ruwan damina ya zaizaye, ya ce, "Ɗauki nan da kyau, ɗana, ka kai musu su gani," yana mai yaƙinin cewa hoton zai kwana a teburin gwamna.

Daga shi sai dattijon da ke ƙi da baki yana so da zuci, kuma alal haƙiƙa wannan ya cancanci a tsaya a kansa. Kana yi masa sallama ka nemi izini zai ɗaga hannu ya ce shi ya girmi irin wannan shiririta, ai hoto sai ku yaran zamani. Amma a daidai lokacin da harshensa ke furta haka, ɗaya hannun yana can yana gyara karin hula. Sa'an nan zai ce to, tun da ka matsa, bari a ɗauko masa babbar riga. A aiki jika cikin gida, ya dawo da fara, a ce ba ita ba, shuɗiyar ta Sallah. A kawo shuɗiya, a tuna da carbi, a tuna da buzu, a tuna kuma cewa bai kamata a ɗauke shi ba tare da amininsa da ke can bayan layi ba, a tura a kira shi, shi ma ya aiko cewa yana alwala. Kafin majalisa ta kammala, hasken da ɗalibi ya fito nema ya tafi, ladan ya kira magariba. Idan kuwa aka dace aka ɗauka, Baba zai ɗaure fuska tamau, domin a mazhabarsa murmushi a hoto zubar da girma ne, ya duba abin da aka nuna masa ya ce na'urar ta tsufar da shi.

Akwai kuma ma'abucin fatawa, wanda zai tsai da yaro a tsakiyar rana ya buɗe masa babin hukuncin sura. Mas'ala ce da malamai suka yi saɓani a kanta tun tuni: wasu sun hana sai bisa larura, wasu kuwa, irin su Shaihu Muhammadu Bakhit, Muftin Masar da ya rasu a 1935, sun tafi a kan halacci, da hujjar cewa na'ura ba ta ƙaga halitta, inuwa kawai take tsarewa. Mai ilimi na gaskiya zai faɗi ƙaulani biyun ya sallame ka da addu'a. Wanda nake nufi shi ne mai rabin babi, da zai yi ta zuba har ƙafafunka su yi sanyi, daga ƙarshe ya sassauta murya ya tambaya ko kana yin na fasfo, don ana neman guda huɗu a wata takarda.

Yara ba su bukatar dogon sharhi. Ka saita kyamara a kan ƙofa babu kowa, ka latsa, ka duba, ka ga kawuna tara da akuya.

Wanda ya fi ba ni tausayi, ya kuma fi ba ni dariya, shi ne tsohon mai hoto da zamani ya karɓe wa sana'a. Zai karɓi kyamarar ya juya ta yana taɓe baki, ya ba da labarin zamanin fim, lokacin da ƙwaya talatin da shida ce kacal a naɗi guda, mutum ba ya latsawa sai ya yi tafakkuri, a shiga ɗakin duhu a wanke, amarya ta jira mako guda kafin ta ga kanta. A ganinsa abin da ake gogewa da yatsa bai kai a kira shi hoto ba. Da gaskiyarsa ta wani fanni, sai dai ba zai mayar maka da kayanka ba sai ya ɗauki maƙwabtansa kaf. Kusa da shi, a teburin mai shayi, akwai gwanin da bai taɓa riƙe kyamara ba amma ya san inda ya kamata ka tsaya, da saurayin da za a ɗauka sau goma ya ce a goge tara, na goman kuma a tura masa yanzu-yanzu alhali wayarsa ba caji.

Shi kansa ɗalibin ba zan ƙyale shi ba, domin a cikinsu akwai wanda ke rataya kyamara kamar laya, ya zaga daga Dawaki har Tudun Hatsi bai ɗauki komai ba sai kansa. Amma galibinsu suna komawa makaranta da ƙura a ƙafa, da gajiyar da ke kawo barci mai nauyi, bayan sun shafe yini ba su tuna da malamin lissafi ba ko sau ɗaya. Saboda haka, ya kai mai karatu, idan ka ga ɗayansu a layinku yana leƙen bango, ka amsa sallamarsa, ka taƙaita tambaya, in kuma kana son a ɗauke ka, ka sa rigarka tun kafin la'asar.