Jinjina ga Sarauniyar Rima

Allah ya ja zamanin Madatsar Goronyo, sarauniyar kogin Rima, mai shimfiɗar kilomita 12 da rabi, mai tumbin da aka yi wa lissafin ruwa kubik mita miliyan 942, wadda aka kammala a 1984 ta yi kawaici irin na 'ya'yan manya har 1992 kafin a buɗe ta. Wasu madatsun ba su san darajar kansu ba. Tun 1968 Kainji take aikatau tana juya injuna, Jebba da Shiroro suka bi sahunta, ga Zungeru ta shigo da rawar kan megawat 700. Tamu kuwa, mai nauyin zama, ba a taɓa kama ta da laifin kunna ƙwan lantarki ko ɗaya a Goronyo ko Wurno ko Rabah ba. Ina aka taɓa ganin sarauniya da tallar wuta?

Ƙasar da ta haife ta ma abar yabo ce. Kowace ƙasa tana iya sauya makamashi ta samu haske, wannan ba abin gwaninta ba ne. Najeriya ta fara da kwal ɗin Inugu, ta bar shi a rami ya huta, ta kama ruwa, ta koma iskar gas, wadda a yau take ba da wajen kashi uku cikin huɗu na wutar ƙasa. NEPA ta zama PHCN, a 2013 aka damƙa rabon wuta ga kamfanoni. Duk wannan sauye-sauyen, duhun ƙauye bai yi ko gezau ba. Riƙon amana ke nan. Ga karamci kuma: shekara da shekaru layin Birnin Kebbi yana kai wuta Yamai, domin mai masaukin kirki shi ne ke kwana da yunwa maƙwabci ya ƙoshi.

Amma inda hikimar ta fi fitowa shi ne a fadama. Manomin albasa da tafarnuwa ya gaji jigo daga kakansa, ya ajiye shi ya sayi injin ban-ruwa mai shan fetur, yana zaton ya kai. Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka cire tallafin mai, aka buɗe masa makarantar ƙere-ƙere kyauta. Wani ya jona wa injinsa tukunyar gas, mai hali ya kafa sola a bakin rijiyarsa, wanda ba shi da ko ɗaya ya koyi ƙana'a, ya rage gonar. Kowane magidanci ya zama ministan makamashin gidansa, ba rantsuwar kama aiki, ba albashi. Ranar Sakkwato kuwa, mai zarce digiri 40 a watan Afrilu, hukuma ta san kunyarta, ba ta cika ɗora mata aiki ba.

Uwargida ita ma an karrama ta. Kananzir ya yi tsadar da ta raba ta da risho, aka mayar mata da murhun kakanninta mai duwatsu uku, da itace da gawayi da karan dawa, da hayaƙin da ke wanke ido safe da yamma. Itatuwan da ke tare wa mutane kallon sararin sama suka bi gatari ɗaya bayan ɗaya, ƙasa ta sami 'yanci, ruwan sama ya riƙa kwasar yashi yana kai wa sarauniya gaisuwa.

Ita kuma ba ta mayar da kyauta. Tana karɓa tana adanawa a cikinta. A damunar 2010 ta buɗe ƙofofinta, ta kai ziyara ƙauyukan da ke ƙasa da ita, gida gida, har cikin rumbuna. A 2018 kuma ta shiga halwa, ruwanta ya koma kashi 10 cikin 100, birnin Sakkwato ya sami damar zumunci da 'yan garuwa.