Masu Gyaran Linux a Nima, Kowa da Halinsa

Wanda ya ɗora Ubuntu ko Debian a kwamfutarsa ya san manhaja ba ta tafiya ita kaɗai. Kowacce ƙunshi ce, kuma kowane ƙunshi yana jingine da wasu. Abin kamar gayyar biki ne a Zango: wance ba za ta zo ba sai an kira ƙanwarta, ƙanwar ba ta zama ɗaki ɗaya da matar kawu, matar kawu kuwa ita ke da manyan tukwane. Mai sasanta wannan rigima shi ne apt, idan kuma ya kasa yakan rubuta dalilin ɓaro-ɓaro. Karanta dalilin ne ya gagari samarin unguwannin Nima da Maamobi.

Akwai Sarkin Amin. Kowace tambaya kwamfuta ta yi masa, ya danna Y tun ba ta rufe baki ba. Za ta ce masa don a sa wannan ƙunshi sai an cire wasu da dama, ta jero sunayensu, har da wanda ke riƙe da fuskar kwamfutar gaba ɗaya. Shi kuwa idonsa na kan kofin ataya. Da ta sake tashi sai baƙin allo da ɗan rubutu yana ƙyaftawa. Kada a yi masa dariya da yawa, yana da manya a gidansu. A 2021 Linus Sebastian, ɗan Kanada mai shirin kwamfuta a YouTube, ya je sa manhajar wasanni ta Steam a Linux ɗin Pop!_OS. Apt ya gargaɗe shi, ya ce sai ya rubuta cikakkiyar jimla da hannunsa cewa ya yarda. Ya rubuta, komai ya tafi, duniya na kallo.

Na biye da Sarkin Amin kuwa Mai Kwashe-kwashe ne, kuma shi ya fi cin rai. Duk umarnin da ya tsinta a intanet sai ya kwafa ya liƙa, ko da an rubuta shi shekara goma da suka wuce don wani tsarin daban. Ya ƙara rumbun PPA na wane, ya ƙara na wane, ya ɗebo na Debian ya zuba cikin Ubuntu don ai "duk uwarsu ɗaya". Ranar sabuntawa wani ƙunshi ya ce sai sabon laburare, wani ya ce sai tsohon, apt ya ɗaga hannu. Ka tambaye shi, "Yaya, me ka taɓa?" Sai ya dafa ƙirji: "Wallahi ban taɓa komai ba, da kanta ta yi."

Mai gaggawa kuwa, da ya ga an ce dpkg, mai girka ƙunshi a ƙarƙashin apt, a kulle yake, ba zai jira minti biyu sabuntawar da ke gudana a ɓoye ta ƙare ba. Sai ya goge fayil ɗin makullin, ya yi ta fariya har zuwa la'asar.

Shi Ɗan Dumsor yana da 'yar gaskiya. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabuntawa, ƙunshi kan tsaya rabi a buɗe, maganinsa kuma sananne ne: dpkg --configure -a, sannan apt --fix-broken install. Sai dai tun ɗauke-ɗauken wutar 2015, wato Dumsor, bai sake ɗaukar laifin komai ba. Laftof ce fa, batirinta cike.

Alhaji mai shagon buga takardu ba ya sabuntawa sam. Ubuntu 16.04 yaronsa ya sa masa, kulawar kyauta ta shekara biyar ta ƙare tun Afrilun 2021, shi ko a jikinsa. "Ɗana, tana bugawa ko ba ta bugawa?" Tana bugawa, Alhaji. Ni dai ban taɓa cin wannan gardama ba. Sai ranar da ya sayo sabuwar firinta a san inda aka kwana.

Likitan Tip Toe Lane, can Circle, allura ɗaya gare shi ga kowace cuta: a goge a sake ɗorawa. Sai ya gama yake tambaya ko akwai hotunan suna a ciki.

A kowane bes, wato majalisar samari, kuma akwai Shehin Baki, wanda ke kan benci yana cewa da Linux ɗin Arch aka sa da ba a ga haka ba, ko a koma Flatpak, tunda shi yana zuwa da kayansa. Ba wanda ya taɓa ganin kwamfutarsa.

Wata ƙanwarsu, cikin 'yan matan da suka koyi rubuta manhaja a unguwa, takan zo karɓar caja ta leƙa kwamfutar da suka taru a kai. Ta karanta layi ukun da apt ya rubuta, ta buga apt policy ta ga rumbun da ya kawo ƙunshin rigimar, ta cire shi. Mai Kwashe-kwashe ya ce dama abin da yake shirin yi ke nan, Shehin Baki ya ce a Arch ai ko minti ɗaya ba za a ɗauka ba, mai kwamfutar kuma ya fara lissafin wanda zai biya shi datar MTN ɗin da aka ƙone tun safe.