Mota Ɗaya, Tafiya Shida: Masu Zuwa Hutu Gumel

In ka ji iyali a Kano sun ce za su je Gumel su ɗan huta, to mota ɗaya za su shiga, amma kowa da tasa tafiyar a zuci.

Sitiyari na hannun Alhaji Masanin Tarihi. Tun daga Gezawa yake buɗe karatu. Kafin a kai Gujungu yara sun haddace cewa Mangawa ne suka kafa sarautar nan wajen 1750, cewa ta bi Barno, kuma mayaƙan jihadi ba su ci ta ba. Duk gaskiya ne. Abin dai shi ne yadda yake faɗa, sai ka rantse da shi aka tsare ganuwa. A ƙofar fada zai rage gudu, ya gyara hula, ya ce: "To ga Lautai nan. Mai Martaba Ahmad Muhammad Sani ya haura shekara 40 a karaga." Ya waiga, duk sun yi barci.

Hajiya kuwa tsaraba ta zo yi. Riɗi, zoɓo, daddawa, man shanu, wai nan ya fi araha. Da but ya cika sai a koma cinyar yara.

Amma gwanin gwanaye shi ne Kawu Mai Tayi. Shi ya nace a sa tafiyar ta haɗa da Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, inda dabbobi ke kwararowa daga Nijar. Gidan haya yake zaune, ko akuya ba shi da inda zai ɗaure, amma yana shiga kara sai wajen raƙuma. Ya duba haƙori, ya zagaya ya duba ƙafa, ya tambayi Buzu jaka nawa, ya juya kuɗin sefa zuwa naira da yatsu. Dillali ya ɗauka babban kamu ya yi, har da miƙo masa kujera. Kawu ya taya rabin kuɗi, a ce "albarka", ya girgiza kai irin na wanda aka yi wa rashin adalci. Ƙarshenta da igiya ɗaya yake komawa gida, da labarin raƙumin da ya kusa saya, wanda zai kai shi wata Sallar.

’Yar autar gida, ita hoto ya kawo ta. Ba ta san sunan ƙofar fadar ba, amma ƙawayenta sun ga ƙofar.

Wadda ya kamata a ji tsoro ita ce Goggo Zumunci, da kalmarta mai rusa shiri: "Tunda dai mun zo." Akwai gaisuwar rasuwar bara a Sule Tankarkar. Akwai barkar haihuwa a Gagarawa, jaririn ma ya fara tafiya. "Nan ne fa, nan kusa," in ji ta, sai a tsinci mota cikin yashi, maza suna turi. Wa ya isa ya musa? Zumunci a ƙafa yake, sai dai man na Alhaji ne.

Kaka ce kaɗai ke samun abin da aka zo nema. Tana sauka ta nemi tabarma a gindin darbejiya, a dama mata fura, ba ta ƙara shiga mota sai ranar komawa.

Mai niyyar zuwa, ka cika tanki tun daga Kano, kuma kada ka gaya wa Goggo kwana nawa za ku yi.