Tafiyar Babur ta Abokai a Sakkwato: Rukunanta da Matakanta

Tafiyar babur ta abokai al'ada ce da samarin Sakkwato ke yi idan wani aboki zai yi aure a nesa. Hanyar da aka fi gwada ta ita ce wadda ta fita birni ta bi Boɗinga da Shagari da Tambuwal ta faɗa Jega a jihar Kebbi. Mota kan cinye ta cikin awa biyu da ɗan wani abu. Ayarin babura kan yi wuni guda.

Matakin farko shi ne shawara, wadda ake yi a wurin mai shayi har tsawon mako biyu. A nan ake yanke cewa za a tashi da zarar an sallame Asuba. Ranar tafiya kuwa, kowa aka kira a waya sai ya ce, "Ga ni nan tahe," alhali ko wanka bai yi ba. Ayari kan tashi da hantsi, daidai lokacin da ranar Afrilu ke shirin haye maki 40.

Mahalarta sun kasu kashi huɗu. Akwai jagora, wanda ya rantse ya san hanya kamar yunwar cikinsa, kuma shi ne zai fara tsayar da mai kiwo ya tambaye shi ina Tambuwal. Akwai mai sabon Bajaj da bai cire ledar sirdi ba. Gudunsa bai wuce na jaki ba, don kada ƙura ta taɓa fenti. Akwai tsohon ɗan kabu-kabu, wanda ya ɗauki kowace tirela abokiyar tsere. Na huɗu shi ne ɗan goyo: ba shi da babur, ba shi da kuɗin mai, amma shi ke da ra'ayi kan kowane rami.

Batun mai ya canja salo tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023. Tun daga lokacin, kowane mahayi ya zama masanin lissafi: ana kashe inji a gangara, ana girgiza tanki a kasa kunne. Wanda ya fi kowa cika bakin cewa babur ɗinsa shinshinar mai kawai yake yi, shi ake samu a gindin ɗan bumburutu kafin Shagari.

Hular kwano tana da matsayi na musamman. Tun da aka tilasta sa ta a 2009, har wasu mahaya a Arewa suka kifa ƙwarya a ka, an fahimci cewa wurinta gwiwar hannu ne. Tana hawa kai idan an hango shinge, ta sauka bayan an wuce.

Zango uku ne na dole: wurin mai faci, wurin fura da nono, da bakin gada don ɗaukar hoton Facebook. Na ukun ya fi sauran cin lokaci.

Ayari kan isa bayan an shafa fatiha, an kuma sharce tukunya. Shadda fara ta koma ja, ango bai gane abokansa ba sai da suka yi magana.

Matakin ƙarshe shi ne labari, a wurin mai shayin da aka faro. A nan kilomita ke haihuwa, faci ɗaya ya zama bakwai, ɗan goyo kuma ya bayyana yadda shi ya tuƙa ayarin gaba ɗaya.