Sarkin Tayi

Sana'ata ƙananan kwangilolin gini a Abuja, ciwona kuwa tayi. Nakan taya kaya kamar yau zan biya, in ja ciniki har mai kaya ya gaji da cewa "albarka" ya sallama, sannan in dafa aljihu, in tuno wata 'yar tambaya da ban yi ba, in ce masa sai na dawo. Da abin ya tsaya a kan takalmi da agogo, da da sauƙi. To, shekaru ke nan ciwon ya tare a kan abu guda: ƙaramar katafilar nan mai tafiya a kan sarƙar roba, mai bokiti a gaba, wadda na ƙudurta sai na mallaka don haƙa tafkin ninƙaya a otal-otal da gidajen masu hali. Ni kaina ban iya iyo ba, ruwa na wuce gwiwa nake fara salati, amma ba wannan ya tara mu ba.

Da sani ke sayen inji, da yanzu haya nake bayarwa. Ko daga barci aka tashe ni zan kawo salsalarta. A 1957 wasu maƙera biyu, wa da ƙane, 'yan gidan Keller a jihar Minnesota ta Amurka, suka ƙera ɗan inji mai ƙafa uku saboda wani mai kiwon talotalo da kwashe kashin tsuntsayensa ya dame shi. Kamfanin Melroe ya karɓi ƙirar, ya mai da ita mai ƙafa huɗu, a 1962 aka raɗa mata suna Bobcat. Sai a 1986 kamfanin Takeuchi na Japan ya fito da mai sarƙa a madadin taya. Wato injin da nake mafarkin in hakimce a cikinsa da baƙin tabarau, kakansa kashin talotalo yake kwasa. Na sha ba da labarin nan a majalisa, har abokai sun fara ƙarasa mini shi.

Kada a ɗauka burin banza ne. Tafki mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5, zurfinsa in an daidaita mita ɗaya da rabi, ƙasarsa kubik 75 ce. Ƙara filin kankare da rodi da bututu, ka doshi ɗari, ita kuma ƙasa in an tone ta kumbura take yi. Bokitin irin wannan inji bai cika wuce rabin kubik ba, ka ga sawu sama da ɗari biyu ke nan. Masu kuɗinmu kuma ba sa tunawa da tafki sai an gama gida, an shimfiɗa tayil a tsakar gida, an dasa furanni, babbar katafila ba ta da ta inda za ta bi zuwa baya. Ita kuwa ƙaramar a tsaye take juyawa, sarƙarta na baza nauyinta na kusan tan huɗu, ta ratsa taɓon damina inda mai taya za ta kafe.

Dokar farko a wannan harka ita ce awon lungu. Kafin ka tambayi ƙarfin inji, auna ratar da ke tsakanin bangon gida da katanga, ka cire gurbin na'urar sanyaya ɗaki da bakin sokawe. Matsakaita irin su Cat 259D3 da Kubota SVL75 da Bobcat T66 faɗinsu wajen mita 1.7 ne. Manya irin Cat 299D3 sun kusa mita biyu. Duk na sani, har tef nake yawo da shi a mota. Amma da na ga babbar sai zuciya ta ce mini, haba Alhaji, kamar kai a cikin waccan 'yar mitsitsiyar? In taya babbar. Da dare in tuna lungunan Gwarinpa, gari na wayewa in koma kan ƙaramar, in ji ta yi mini kaɗan. Son girma da tsoron asara zaman kishiyoyi suke yi a ƙirjina, kowacce da ranar girkinta, ni kuwa mijin tace ne ga su duka biyun.

Masu ƙera injin ma sun taimaki ciwona, don sun yi masa hannu iri biyu. Akwai mai tashi a lanƙwashe, gaɓoɓinsa kaɗan, ya fi dacewa da tono da turin ƙasa. Akwai mai tashi kusan a miƙe, wanda ya fi kai bokiti gaba in an ɗaga shi ƙurewa, shi ne na zuba ƙasa a tifa mai dogon gefe. Aikin tafki kuma tono ne da lodi a haɗe. Ranar da na gane haka na ji daɗi ƙwarai, domin na samu dalilin jinkiri da ko injiniya ba zai kushe ba.

Dillalai kam sun sha ni. Nakan bari mutum ya gama zuba, ya ce injin nan yana ɗaga kaza, sai in tambaye shi a hankali: nauyin da zai kifar da shi kake faɗa, ko wanda aka yarje masa ya ɗauka? Domin a mai sarƙa, kashi 35 cikin ɗari na nauyin da zai ɗaga bayanta sama shi ake lissafawa, a mai taya kuwa rabi. Sai ka ga ya fara lalube a waya. Wani dattijo a cikinsu, da na yi masa haka, ya dube ni ya ce, "Alhaji, ilimin nan naka ya isa. Kuɗin ne muke jira su yi magana." Na ce masa sayen nagari mai da kuɗi gida. Ya ce gaskiya ne, amma sai an saya.

Wasu tsorace-tsoracen nawa, a yi mini adalci, suna da tushe. Ƙasar Asokoro da Maitama kana tono kaɗan ka ci karo da dutse, kaifinsa kuma yanka sarƙar roba yake yi, sabuwa kuwa da dala ake maganarta. Na hannu da ake saukewa a Legas daga Amurka, an ƙera su ne bisa dokar hayaƙi ta can. Shi ya sa za ka ga da yawa ƙarfinsu ya tsaya a doki 74, don daga 75 sai an haɗa da wani ruwa na musamman mai tsabtace hayaƙi. An kuma yi su ne don dizal da sinadarin farar wuta a cikinsa bai wuce kashi 15 cikin miliyan ba. Zuba musu na jarka daga bakin titi, matatar hayaƙi ta toshe, inji ya rage ƙarfi da kansa, ya ƙi kowa sai mai kwamfuta. A Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano za a gyara maka bokiti ya dawo kamar sabo, amma walda ba ta lallashin kwamfuta.

Sai dai tsoro mai tushe ya kamata ya kai mutum ga yanke shawara, a saya ko a haƙura. Nawa sabon tayi yake kai ni. Da na lura cewa injin ba ya yanka bango a tsaye, sai an bar masa gangara ya shiga ramin ya fita, kuma masu wannan sana'a a Florida da Texas sukan haɗa shi da ƙaramar mai dogon hannu, ita ta haƙa shi ya kwashe, ban ce to a bar zancen ba. Na shiga tayin mai dogon hannun ita ma.

A halin yanzu dai tafkuna na haƙuwa. Inda lungu ya yarda in ɗauko ta haya da direbanta, inda ya ƙi, diga da shebur da baro. Shugaban leburorina, mutum mai kunya, duk sabon aiki sai ya gyara murya ya ce, "Yallaɓai, mu fara, ko mu jira injin?" Ba ya dariya, yaransa ne ke juya baya. Uwargida kuwa ta daina tambaya. In ta ga hasken waya a ƙarƙashin bargo sai ta ce, "Maigida, a gaishe da katafila," ta juya ta ci gaba da barcinta. Farashin da na raina a farkon tayina, kafin naira ta faɗi a 2023, yau in na tuna shi sai in nemi ruwa in sha.

Watan jiya na kusa. Na samu mai doki 74, awoyin aikinta ba yawa, sarƙarta da sauran rai, har na ce wa mai ita ya turo lambar asusu. A daren wani ya nuna mini bidiyon Bobcat T7X, wadda aka baje a 2022, mai aiki da batir zalla, ba dizal, ba matatar hayaƙi, ba ƙara da za ta tashi maƙwabcin mai gida. Na kira mutumin da safe na ce ya ɗan dakata. Matsalar kawai ita ce inda zan yi mata caji da irin wutarmu, saboda haka tun ranar nake zagaya masu sayar da faifan sola. Biyu sun sallama.