Mushe, Wa Ya Koro Ka?

A Dogon Kiriya babba ba ya gudu sai da dalili. Ko dai jaki ya ƙwace da amalanke, ko wuta ta kama rumbu, ko mai bin bashi ya ɓullo ta bayan masallaci. Shi ya sa duk ma'aikacin da aka turo daga Yamai ko Dosso, ya fito bayan asuba da gajeren wando da farin takalmi yana sassarfa, ya tara wa kansa 'yan kallo. Tsoho mai tafiya gona zai fara leƙa bayansa tukuna, ya tabbata ba kare ba jandarma, sannan ya ce, "Mushe, lafiya? Wa ya koro ka?" In ya ce jini yake motsawa, sai tsohon ya miƙo hauya: "To ɗana, ga gonata can. Tun shuka take cigiyar mai irin wannan larura."

Tsohon da gaskiyarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Matar Arewa da ta jawo guga, ta surfa gero, ta yi dakan fura da goyo a baya, ta biya wannan bashi tun azahar ɗin Litinin ba ta yi ba, har da canji.

Masu bukatar wa'azin suna fada. Samari ne majiya ƙarfi, sun kewaye butar shayi tun hantsi, kowa na miƙa yana cewa, "Wallahi yau jikina a mace yake." Me ya kashe shi? Kwanan waya. Masallaci yana can ƙarshen layi, amma sai an tada babur. Ranar da ɗan kokawa Issaka Issaka na Dosso ya shiga fili neman takobi, su ne ke gaban rediyo suna koya masa yadda ake kama ƙafa, daga kishingiɗe.

Abin da mai shayi ba ya so ya ji shi ne, gajiyar zama ba ta jin maganin zama. In mutum ya taka da sauri da sanyin safiya, zuciya ta ƙara harba jini, iska ta isa tsoka da ƙwaƙwalwa, hasken safe ya gyara masa lokacin barci, dare na yi ya kwanta da wuri. Mako kaɗan, aikin da ke sa shi haki ya zama wasa. Kofi na uku mai zaƙi kuwa aro yake bayarwa, kafin la'asar ya karɓe abinsa.

Alhazai ba na son taɓa su, don tumbi a nan takardar shaidar arziki ce. Wanda ya rage shi, gari zai ɗauka da cewa ya karye, ko an yi masa sammu.

Shi ma Mushe kada ya yi murna tukuna. Gudun nasa yakan ƙare ne daidai kaskon mai ƙosai. Nan zai goge goshi, ya ɗauki hoto ya watsa a WhatsApp, ya sayi na dala arba'in, ya ce a ƙara yaji, ya haɗa da koko mai sukari. Sannan ya ɗaga hannu: "Kabu-kabu! Kai ni gida, ka bi a hankali, gwiwata."